Me ya sa gwajin magani da yawa ke ƙarewa ba amsa, kuma ta ina ake fara gyara?

Tambaya: "Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma ana shirin soma gwajin wani magani a kan marasa lafiya a asibitinmu. Na ji ana cewa yawancin irin wannan aiki, musamman a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuɗi kawai ake zubawa ba a samun amsa. Da gaske ne? In haka ne, me ya kamata a gyara?"

Amsa: Maganar ba ƙage ba ce. A 2009 Iain Chalmers da Paul Glasziou sun yi kiyasi a mujallar Lancet cewa wajen kashi 85 cikin 100 na abin da ake kashewa a binciken lafiya asara ake yi, ko don tambayar ba ta da amfani, ko an tsara aikin a karkace, ko an gama an ƙi fitar da sakamako. Ana iya musu kan adadin. Amma da korona ta zo kowa ya gani da idonsa: an buɗe dubban gwaje-gwaje cikin 'yan watanni, kuma da wasu jami'an hukumar kula da magunguna ta Amurka suka tantance su a 2021, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai aka raba mahalartansu ta ƙuri'a kuma suke da yawan mutanen da zai iya ba da amsa. Ba ƙasashe matalauta kaɗai abin ya shafa ba ke nan. Sai dai a can ya fi ciwo, don in gwaji ya lalace ba lallai a sake samun kuɗin maimaita shi ba.

Babban abin da ke kashe gwaji ƙanƙanta ce, don haka ka fara da lissafi kafin komai. A ce cutar tana kashe mutum 10 cikin 100 da aka kwantar, kana fatan sabon maganin ya mayar da su 8. Wannan ragi ne babba, mutuwa ɗaya cikin biyar ke nan aka hana. Amma kafin ka iya gane shi da tabbaci bisa ƙa'idar da aka saba, wato damar kashi 80 cikin 100 ta gano bambancin in akwai shi, kana bukatar mutum kusan 3,200 a kowane ɓangare, 6,400 a jimla. To ka dubi mai gwajin mutum 200. Ɗari a nan, ɗari a can. Zai sa ran mutuwa goma a gefe guda, takwas a ɗayan. Tazarar mutum biyu ce, kuma tsautsayin dare ɗaya, kamar ƙarewar iskar oksijin, ya isa ya juya ta. In ya ce maganin ba ya aiki bai da hujja, in ya ce yana aiki bai da hujja. Irin wannan da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin an ɗebi jinin mutane, an ci lokacinsu, an jefa su cikin haɗari a kan tambayar da tun farko an san ba za ta amsu ba. Mafita ita ce asibitoci su haɗu a kan kundin tsari guda, wato rubutaccen bayanin yadda za a gudanar da gwajin, maimakon kowa ya buɗe nasa. In kuma rabon na ƙauye-ƙauye ne ko asibiti-asibiti ba na mutum ɗaya-ɗaya ba, adadin ya ƙara hawa, saboda mutanen wuri ɗaya suna kama da juna: rukuni mai mutum 50 da ma'aunin kamanceceniya na 0.02 yana kusan ninka yawan da ake bukata. Da yawa sukan manta da wannan sai bayan an gama tattara bayanai.

Gwaji ba ya girma sai ya yi sauƙi. Misalin da ake yawan kawowa shi ne RECOVERY, gwajin magungunan korona na Birtaniya, wanda Peter Horby da Martin Landray na Jami'ar Oxford suka jagoranta. An shigar da majinyaci na farko a watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan rubuta kundin tsarin. Likitan da ke fama da cunkoso fom gajere yake cikewa a intanet, kwamfuta ta yi rabo, sannan bayan kwana 28 a duba abu ɗaya babba: yana raye ko ya rasu? A tsakiyar Yuni aka sanar da cewa deksametason, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin kawai. Mutum 2,104 ne suka sha, aka gwada su da 4,321. Tsohon magani ne mai araha da ke kowane kantin asibiti. Wannan gwajin dai shi ya nuna maganin haidroksikulorokwin ba ya hana mutuwa ga waɗanda aka kwantar, alhali ƙananan gwaje-gwaje barkatai sun kasa raba gardamar.

Kada a ce sai mai tsarin lafiya irin na Birtaniya zai iya. Gwajin AQUAMAT ya shigar da yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, ya nuna a 2010 cewa mutuwa kashi 8.5 ce da atesunet, 10.9 da kwinin, kuma wannan ne ya sa aka sauya maganin farko ga yara. Wanda ya fi koya darasi shi ne FEAST, a Kenya da Yuganda da Tanzaniya. Ɗura wa yaro mai zazzaɓi da raunin gudanar jini ruwa da sauri ta jijiya abu ne da ake koyarwa a matsayin ceton rai. Da aka gwada a yara 3,141, mutuwa cikin awa 48 ta kai kusan kashi 10.5 ga waɗanda aka ɗura wa, 7.3 ga waɗanda ba a ɗura wa ba. Kwamitin sa ido mai zaman kansa ya ba da shawara aka tsayar da aikin a Janairun 2011. Abin lura shi ne likitocin da ke bakin gado suna ganin yaran da aka ɗura wa suna farfaɗowa da farko, kuma da idonsu za a dogara da har yau ana ganin alheri ake yi. Haka aka yi shekaru ana ba masu rauni a kai maganin sitiroid, sai gwajin CRASH na mutum sama da 10,000 ya nuna a 2004 cewa ƙara mutuwa yake yi.

Yanzu ga abin da za ka tarar a ɗakin aiki. Rabon ƙuri'a shi ne ginshiƙin komai, amma ba a jerin lambobin yake lalacewa ba, a ɓoye shi yake lalacewa. Inda ake rufe rabon kowane majinyaci a cikin ambulan irin na wasiƙa, ga yadda ɓarna ke shiga: ma'aikaciyar jinya tana da majinyaci da ta tausaya wa, ta ɗaga ambulan saitin fitila ta hango rubutun ciki, in ba sabon maganin ba ne ta ajiye ta ɗauki na gaba. Ba mugunta ta nufa ba, amma ta riga ta sa marasa lafiyar ɓangarorin biyu sun bambanta tun kafin a ba kowa ƙwaya. Maganinsa: ambulan mai kauri da takardar alminiyam a ciki, lambobi a jere, a rubuta suna da kwanan wata a bayansa kafin a yage, da takardar kabon da za ta kai rubutun kan katin ciki. Ya fi kyau a yi rabon ta waya ko intanet daga cibiya, a bar ambulan don ranar da sabis ya ɗauke. Kuma in kowa ya san maganin da ake bayarwa, kada a riƙa rabo huɗu-huɗu kullum, domin wanda ya ga ukun farko ya san na huɗu. A cuɗanya huɗu da shida da takwas, kuma kada a gaya wa ma'aikatan wurin.

Na biyu shi ne ɓacewar mahalarta. Mutane sukan ɗauka in kashi 10 suka ɓace sai a ƙara kashi 10 a shiga, shi ke nan. Ƙarin yana gyara adadi ne kawai, ba ya gyara karkata. Wanda bai dawo ba sau da yawa ko ya warke ne sarai bai ga dalilin biyan kuɗin mota ba, ko ya mutu a gida, ko maganin ya dame shi ya daina. In bambancin da kake nema maki biyu ne cikin ɗari kuma ba ka san makomar mutum goma cikin ɗari ba, sakamakonka yana hannun waɗanda ba ka gani ba. Tun ranar shiga ake maganin wannan. A karɓi lambar waya biyu ko uku, har da ta wanda ba gida ɗaya suke ba, a kira a gabansa a ji ta shiga. A rubuta kwatancen gida da alamar da ba ta gushewa, da sunan da maƙwabta suka san shi da shi, domin sunan katin asibiti ba lallai ne wanda ake kiransa da shi ba. A nemi izini a rubuce na ziyartar gida. A ba da tazarar kwanaki, misali kwana 28 da rangwamen kwana uku gaba ko baya. A biya kuɗin mota a ranar, hannu da hannu. Sannan a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa: wanda ya daina shan magani bai fita daga gwaji ba. Ana ci gaba da bibiyarsa, kuma a ƙirga shi a ɓangaren da ƙuri'a ta jefa shi, sai in shi da bakinsa ya ce kada a sake tuntuɓarsa.

Ma'aunin sakamako ma yana da tarko. Gwajin WOMAN, na mata 20,060 masu zubar jini bayan haihuwa a ƙasashe 21, ya fara da ma'auni haɗaɗɗe: mutuwa ko cire mahaifa. Ana cikin aiki aka lura sau da yawa likita yakan yanke shawarar cire mahaifa a daidai lokacin da ake shigar da matar, ka ga magani ba shi da ta cewa a kan abin da aka riga aka yanke. Dole aka ƙara yawan mata daga 15,000 zuwa 20,000 don a iya auna mutuwa ita kaɗai. A 2017 aka ga sinadarin tiraneksamik ya rage mutuwa ta zubar jini da kusan ɗaya cikin biyar, kusan ɗaya cikin uku in an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Ka zaɓi ma'auni guda da ya dami majinyaci, wanda za a iya aunawa iri ɗaya a kowane asibiti, ka rubuta shi kafin a fara, ka bar shi.

Inda kuɗi ke zurarewa kuwa shi ne takardu. Ƙa'idojin kyakkyawan aikin gwaji na ICH, majalisar ƙasa da ƙasa mai daidaita dokokin magunguna, da aka fitar a 1996, an tsara su ne da tunanin kamfanonin da ke neman lasisin sabon magani. Aka wayi gari ana ɗora su yadda suke a kan gwajin tsohon maganin da aka sha shekara hamsin ana amfani da shi. Sai ka ga fom mai shafi sittin, da mai duba aiki da ke tasowa daga wata nahiya ya zauna kwana uku yana gwada kowace lamba da fayil ɗin majinyaci, ya tafi da rahoton cewa an manta sa hannu a gefen wani gyara. Kurakuran da irin wannan duba ke kamawa yawanci na nan da can ne, suna faɗa wa ɓangarorin biyu daidai, ba sa sauya amsa. Waɗanda ke sauya amsa daga cibiya ake ganinsu da lissafi: asibitin da bai taɓa kawo rahoton illa ko ɗaya ba, awon hawan jini da duk ke ƙarewa da sifili, wurin da ke shigar da mutane ranar da aka san a rufe yake, bayanan da suka yi kyau fiye da kima. Can ake tura mai duba. Bugun ƙa'idojin na uku da aka kammala a farkon 2025, da jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Satumban 2024 bayan ƙudurin babban taronta na 2022, duk sun karkata ga wannan: a daidaita tsanani da girman haɗari. Amma masu ɗaukar nauyi ba su cika sakin tsohuwar al'ada ba, don tsoron sufeton hukuma. Gwaji mai sauƙi ga kowane layi a fom shi ne a tambaya: a wane jadawali na rahoton ƙarshe zai fito? In ba amsa a goge shi. Abin da ba a sassautawa shi ne rahoton mummunar illa: awa 24 daga sanin mai bincike zuwa ga mai ɗaukar nauyi, sannan in illar ba a zata ba ce kuma ana zargin maganin, kwana 7 zuwa hukuma in ta kai ga mutuwa ko barazana ga rai, kwana 15 in ba haka ba.

Wa aka bari a waje? Kowane sharaɗin hana shiga yana rage saurin aiki, yana kuma rage waɗanda amsar za ta amfana. Cire masu ciki kai tsaye ya zama al'ada, ana cewa kariya ce, alhali za su sha maganin bayan ya shiga kasuwa, ba tare da kowa ya san adadin da ya dace da su ba. A 2018 wani bincike a Botswana ya nuna alamar cewa dolutegirabiya, maganin cutar ƙanjamau, na iya jawo nakasar laka ga jarirai, bisa jarirai huɗu cikin ɗari huɗu da 'yan kai. Ƙasashe da dama suka taƙaita ba mata masu shekarun haihuwa. Da bayanai suka ƙaru alamar ta dushe, amma kafin nan an hana mata da yawa maganin da ya fi. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje. Mutane da yawa 'yan asalin Afirka suna da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ta gado, lafiyarsu ƙalau. In aka ɗauko iyakar da aka auna a jikin Turawa, sai a kori lafiyayyu daga shiga, ko a riƙa rubuta illar da ba illa ba. A samo ma'aunin mutanen wurin kafin a rufe kundin tsari.

Takardar amincewa mai shafi ashirin lauyoyin mai ɗaukar nauyi take karewa. Abin da mahalarci ke bukatar ya gane bai wuce biyar ba: wannan bincike ne, ba a san wanne ya fi ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa ba likita ba, ga haɗarin da aka sani, kuma in ya ƙi ko ya fita ba za a rage masa kulawa ba. A fassara, wani daban ya mayar da fassarar harshen asali a gwada, sannan a karanta wa mutanen da ba ma'aikata ba a ji me suka fahimta. Maimakon "ka gane?" a ce "faɗa mini yadda za ka bayyana wa na gida". Wanda ba ya karatu ya dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin ma'aikatan gwajin. Batun jini kuwa a nuna shi a fili: a ɗauko kwalbar a ce mililita biyar ne, cokalin shayi ɗaya, ga inda za a kai shi, ga lokacin da za a zubar da ragowar. Jita-jitar sayar da jini ta tsayar da ayyuka da dama, kuma sai bango ya tsage take samun wurin shiga. Shi ya sa zama da wakilan al'umma yake zuwa kafin a kammala tsari, lokacin da maganarsu za ta iya sauya ranar zuwa asibiti ko yawan ɗibar jini.

Jinkirin izini yana da nasa kason. Kwamitin ɗa'a na asibiti, na ƙasa, hukumar magunguna, izinin shigo da magani, yarjejeniyar fitar da samfuri, in aka bi su ɗaya bayan ɗaya shekara ta tafi. A annobar Ebola ta Yammacin Afirka, 2014 zuwa 2016, gwajin maganin ZMapp ya nemi mutum 200 ya samu 72, cutar ta lafa ba a samu tabbatacciyar amsa ba. A Kongo kuwa, gwajin PALM ya fara a 2018 ana tsakiyar wata annobar Ebola da rikici, ya gwada magunguna huɗu a kundi guda, kuma a Agustan 2019 aka gane biyu sun fi. Darasin shi ne a rubuta kundin tsari a amince da shi tun ana zaman lafiya, a miƙa takardu ga dukkan hukumomi lokaci guda, a yi amfani da bitar haɗin gwiwa irin ta dandalin AVAREF, inda hukumomin ƙasashe ke zama tare su duba takarda ɗaya.

Maganin gwajin kansa a sa masa ido. Firijin da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8 yana bukatar na'urar da ke rubuta sanyi dare da rana, ba ma'aikacin da ke cike jadawali da safe daga ƙwaƙwalwarsa ba. An fi tsoron zafi, amma daskarewa ma tana lalata allurar rigakafin da ke ɗauke da sinadarin alminiyam, kuma ba a gani da ido sai an yi gwajin girgizawa. A lissafa ranar ƙarewar wa'adi da zaton shigar da mutane zai ɗauki ninkin lokacin da aka tsara, don kusan kullum haka ake yi.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a kasafi. Ana horar da ma'aikatan jinya da mai kula da bayanai da mai haɗa magani shekara uku, kuɗin aikin ya ƙare, kowa ya watse, gwaji na gaba ya faro daga sifili. Tsarin da ake ƙara sabon magani a cire wanda aka gama da shi a ƙarƙashin kundi ɗaya, irin na RECOVERY, yana riƙe ma'aikata da izini da tsarin bayanai a wuri guda. Kuma a rubuta tun a yarjejeniya wa ke riƙe da bayanan, wa zai yi nazarinsu, sunan wa zai fito a gaba. Mai binciken da aikinsa tara samfuri ne kawai a aika waje ba zai taɓa kawo tambayar da ta dami majinyatansa ba.

Kafin a shigar da mutum na farko, a yi wa gwajin rajista a rumbun da kowa ke iya dubawa, kamar ClinicalTrials.gov ko rumbun PACTR na Afirka. Manyan mujallun likitanci sun sa wannan sharaɗi tun 2005, kuma shi ke hana a sauya ma'aunin sakamako a ɓoye bayan an leƙa bayanai. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 shi ne a saka taƙaitaccen sakamako a rumbun cikin wata 12 da kammalawa, ko maganin ya yi aiki ko bai yi ba. A ware kuɗin wannan a kasafi tun farko, tare da kuɗin komawa wurin mahalarta a gaya musu abin da aka samu da harshensu, da rubutacciyar amsa kan wa zai ci gaba da ba su maganin in ya tabbata yana aiki. In aka bar waɗannan sai ƙarshe, lokacin da za a neme su asusun aikin a rufe yake, ma'aikatan da suka san gidajen kuma sun kama wani aiki.